Bakin Malami: Maganganun da Ke Ƙara wa Ɗalibi Himma

A makarantun gwamnati da yawa, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram, malami yakan shiga aji ya tarar kujeru ba su isa ba, littattafai babu, wani lokaci allin ma sai ya saya da kuɗinsa. Tsarin ilimi na Najeriya ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ajin da ya ninka wannan adadi sau biyu ko uku ba baƙon abu ba ne a biranenmu. Gyaran waɗannan matsaloli yana hannun hukuma. Sai dai akwai kayan aiki guda da ba ya jiran kasafin kuɗi, kuma kowane malami da shi yake shiga aji kullum: maganar da zai faɗa wa yaro.

Bahaushe ya daɗe da sanin nauyin wannan abu. Shi ya sa ake tsoron bakin iyaye da na malami, ake kuma neman albarkarsu. Abin mamaki, duk da wannan sani, kalmomin da suka fi yawo a wasu azuzuwa su ne "daƙiƙi", "jaki", "ƙwaƙwalwar kifi" da "kai dai ba za ka yi karatu ba". Malamin da ya faɗa yakan manta tun kafin a tashi, yaron kuwa yana iya riƙe maganar har ya yi furfura. UNICEF ta daɗe tana cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Idan haka ne, wanda aka samu ya zo bai kamata bakinmu ya kore shi ba.

Abin da jimla ɗaya ta taɓa yi

Imam Zahabi, babban masanin hadisi da tarihi na Dimashƙa wanda ya rasu a shekara ta 748 bayan Hijira, ya ba da labarin abin da ya sa masa son ilimin hadisi. Malaminsa Birzali ne ya ga rubutunsa, ya ce masa rubutun ya yi kama da na malaman hadisi. Haka nan Imam Bukhari ya ji malaminsa Ishaƙ ɗan Rahawaihi yana fatan a sami wanda zai tattara ingantattun hadisai kaɗai a littafi guda. Maganar ta zauna masa a zuciya, ya ɗauki aikin da ya haifar da Sahihul Bukhari.

A ƙasar Aljeriya, a zamanin mulkin Faransa, an yi wani yaro maraya mai suna Albert Camus. Mahaifinsa ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mahaifiyarsa aikatau take yi, ba ta karatu ba ta rubutu. Malaminsa na firamare, Louis Germain, shi ya ga abin da ke tare da yaron, ya je har gida ya shawo kan kakarsa ta bar shi ya zauna jarrabawar neman tallafin shiga sakandare. Da Camus ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1957, sai ya rubuta wa wannan malami wasiƙar godiya.

Abin lura, a cikin malaman nan uku babu wanda ya yi doguwar lacca. Birzali ya ga wani abu na gaskiya a hannun ɗalibinsa, ya ambace shi. Ishaƙ ya nuna aikin da ke jiran mai yi. Germain kuma ya bi maganarsa da tattaki.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan al'amari. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa binciken da suka yi a wata firamare a Kalifoniya ta Amurka. Sun gaya wa malamai cewa gwaji ya nuna wasu yara za su yi fice a shekarar, alhali sunayen yaran kara zube aka tsamo su. A ƙarshen shekara sai aka ga yaran sun fi sauran ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Masana sun yi ta muhawara a kan girman wannan tasiri, amma an yarda da tushensa: zaton da malami yake yi wa yaro yana fitowa a fuskarsa, da muryarsa, da tsawon lokacin da yake ba shi ya amsa tambaya, kuma yaro yana karanta duk wannan.

Ba kowane yabo ne ke ginawa ba

Wani zai ce, to ai abin mai sauƙi ne, a riƙa ce wa kowane yaro "kai haziƙi ne". A nan ne ake yin tuntuɓe. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka ba 'yan aji biyar tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. Bayan zagayen farko, aka yaba wa wasu da cewa lallai suna da basira, wasu kuma aka ce lallai sun yi aiki tuƙuru. Da aka ba su zaɓi, waɗanda aka yaba wa basira sun fi karkata ga tambayoyi masu sauƙi, don kada su faɗi a janye musu kirarin. Da aka kawo masu wuya, su ne suka fi saurin karaya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 daga cikinsu sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗi abin da suka ci. Waɗanda aka yaba wa aiki sun fi juriya, sun kuma fi jin daɗin gwajin.

Dalilin a fili yake. Yaron da aka ce masa "kana da ƙwaƙwalwa" ba shi da abin yi game da ita. Ranar da darasi ya yi masa wuya sai ya ɗauka ƙwaƙwalwar ce ta ƙare. Wanda aka ce masa "yadda ka jera lissafin nan layi-layi ne ya sa ba ka ɓata ba" ya san abin da zai maimaita gobe.

Daga baya ita Dweck ɗin ta ja kunnen malamai cewa yabon ƙoƙari kaɗai ma bai isa ba. Idan yaro yana ta wahala a kan hanyar da ba ta ɓullewa, ce masa "ka yi ƙoƙari" lallashi ne kawai. Abin da yake buƙata a nuna masa wata hanyar.

Saboda haka maganar da ke ƙara himma tana da sharuɗɗa. Ta zama gaskiya, domin yara sun fi manya saurin gane daɗin baki. Ta ambaci takamaiman abin da yaron ya yi. Sannan ta nuna masa inda zai sa ƙafa a gaba.

Me za a ce, kuma yaushe?

Ga wanda ya ba da amsa ba daidai ba. Wannan shi ne lokaci mafi hatsari a aji, domin idon kowa yana kansa. Malami yana iya cewa: "Madalla da ka gwada. Faɗa mana hanyar da ka bi ka zo nan." Ko kuma: "Farkon daidai ne, wurin aro ne ka kauce. Sake dubawa, zan dawo kanka." Sai kuma a dawo ɗin da gaske. Idan aji ya fashe da dariya, malami ya tambaya: "Mutum nawa ne suka sami irin amsarsa a littafinsu? To ya taimake ku, yanzu kowa zai ga inda ramin yake."

Ga mai cewa ba zai iya ba. Musu da shi ba ya amfani, hujja ake kawo masa daga aikinsa: "Buɗe shafin farko na littafinka. Ka ga rubutunka na farkon zango? Dubi na yau. Wa ya yi wannan in ba kai ba?" Ga ƙaramin yaro: "Watan jiya baƙaƙe kawai ka sani, yau ga shi kana haɗa su da wasula. Saura mu haɗa kalma." Da koyo akan iya, amma sai an nuna wa mai koyon tafiyar da ya riga ya yi.

Ga mai kunya. Kiran sunanta kwatsam a gaban yara 80 yana iya ɗaure mata harshe ko da ta san amsar. Gara malami ya ratsa kusa da ita lokacin da ake aiki, ya ce a hankali: "Na ga amsarki ta lamba uku, daidai ce. In mun zo wurin ke zan kira, ki shirya."

Ga mai yawan tambaya. Kada a ce masa ya cika surutu. "Tambayar nan ta yi ma'ana. Ni ma sai na bincika, gobe ka tuna mini." Malamin da ya iya faɗin haka ya koya wa aji cewa rashin sani ba abin kunya ba ne, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ga mai makara ko fashi. Da damina yara da yawa sai sun biya gona, wasu 'yan mata sai sun sauke farantin talla, ranar kasuwa kuwa aji yakan rage. Kafin bulala, a fara da tambaya: "Jiya ban gan ka ba, lafiya dai?" Yaron da ya san ana lura da rashinsa ya fi wanda ba a kula ba dalilin dawowa. Ga wadda ta shigo a makare da gajiya a fuska: "Na san sai da kika yi aiki kafin ki taho, zuwan nan ma ƙoƙari ne. Zauna kusa da wance ta nuna miki inda muke, in an tashi mu yi magana."

Ga wanda komai yake zo masa da sauƙi. Tafi kullum yana iya lalata shi. "Wannan bai ba ka wuya ba, ke nan ba ka ƙaru da shi ba. Ga wanda ya fi shi, ina so in ga yadda za ka yi da shi." Ko a ba shi yara biyu ya koya musu, domin mai koyarwa yakan gano gurbin da ke cikin saninsa.

Ga fitinannen aji. Sau da yawa shi ne wanda yara suke bi. A keɓe a ce masa: "Na lura in ka yi magana ana saurarenka. Daga gobe kai ne shugaban rukuni na biyu, aikinsu a wuyanka yake." Amana takan gyara wanda duka ya kasa gyarawa.

Ga 'yan mata, musamman a shekarun da ake fara cewa karatun ya isa haka. A ba su labarin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa wa jagororinsu mata, wato jaji, malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata, har ta rasu a 1864. Sannan a kawo maganar kusa: "Matan garin nan sun fi son mace ta duba su a asibiti. Ungozoma da likitar da za su yi wannan aiki nan da shekara goma, a irin ajin nan suke zaune yanzu."

Ga mai zane a bayan littafi ko mai kwance rediyo. Maimakon a yaga takardar, a gaya masa cewa Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kabi, shi ya zana surar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. A Nijar a ambaci Abdou Moumouni, ɗan Tasawa masanin makamashin hasken rana, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa. Daga nan a ce: "Zanen nan yana da kyau. Masu wannan sana'a da lissafi suke aiki, don haka gama aikin aji tukuna, sannan ka kawo mini zanen in gani." Misalin da ya fi kowane tasiri kuwa shi ne tsohon ɗalibin makarantar da yaran suka san gidansu. A gayyato shi ya yi musu magana a taron safe.

Gab da jarrabawa, ko WAEC ce ko NECO ko JAMB, ko BEPC da BAC a Nijar. Tsoratarwa ba ta ƙara ilimi a makon ƙarshe. "Kun yi karatu, kun yi bitar tambayoyin baya. Ku yi barci da wuri, ku karanta kowace tambaya sau biyu, ku fara da wadda kuka fi sani." A kuma faɗi wannan ƙarara: "C6 da guminka ta fi A1 ta satar amsa, domin ita ce za ka iya karewa a jami'a."

Bayan faɗuwa. Ba a ce wa yaro "ba komai", domin ya san da komai. A fara da jaje, sannan a buɗe takardar tare: "Na san abin ya yi maka zafi. Amma duba, darussa shida ka ci, Turanci ne ya riƙe ka. Akwai jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Zo ranar Litinin mu tsara yadda za ka yi bita." Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Jan biro ma baki ne

Abin da malami ya rubuta a littafin yaro yana daɗewa fiye da abin da ya faɗa, kuma yana isa gida. Yawanci abin da yaro ke gani shi ne maki, da giciye, da kalma ɗaya ta Turanci da ba ta gaya masa komai. A wani bincike da David Yeager da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, malamai sun gyara insha'in ɗalibai 'yan shekara 12 zuwa 13 kamar yadda suka saba, sai aka liƙa wa wasu 'yar takarda da hannun malamin. Ma'anar abin da ke ciki ita ce, ya yi waɗannan gyare-gyare ne saboda yana sa ran aiki mai inganci daga ɗalibin, kuma ya san zai iya. Waɗanda suka sami wannan takarda sun fi sauran sake rubuta insha'in su dawo da shi, musamman yaran da dama ba su amince da makaranta ba.

Ke nan tsanani da ƙarfafa gwiwa ba kishiyoyi ba ne. Malami yana iya cika shafi da gyara, ya rufe da layi ɗaya: "Labarin ya yi daɗi. Gyara wuraren aya da waƙafi ka dawo mini da shi ranar Laraba, na san za ka iya." A addini ma haka aka koya mana. Sahabi Mu'awiya ɗan Hakam ya yi magana a cikin salla bisa rashin sani, mutane suka yi ta harararsa. Da aka idar, Annabi (SAW) bai daka masa tsawa ba, bai zage shi ba, ya yi masa bayanin hukuncin. Mu'awiya ya ce bai taɓa ganin malamin da ya fi shi iya koyarwa ba. An gyara kuskuren, mutuncin mai kuskuren kuma yana nan.

Yaya za a yi a aji mai cunkoso?

Malami mai yara 100 ba zai iya yi wa kowa magana kullum ba, amma zai iya rabawa. Ya ɗauki rajista, ya zaɓi yara biyar kowace rana, ya duba aikinsu da kyau, ya faɗa wa kowane abu ɗaya na gaskiya, ya sa ɗigo a gaban sunansa. A kwana 20 na makaranta ya zagaye ajin. Rajistar za ta kuma tona masa wani abu: yawancin maganarmu tana ƙarewa ne a kan 'yan gaba masu ɗaga hannu da fitinannun baya, na tsakiya masu shiru kuwa sai su shekara ba a kira sunansu ba.

A yi magana da harshen da yaro yake ji. "Madalla", "haka ake so", "Allah ya yi albarka" sun fi shiga zuciyar ɗan aji biyu fiye da kalmar Turancin da ya haddace bai san ma'anarta ba.

Makarantar boko tana da abin koyo a wurin makarantar allo. A can ba a jira sai sauka kafin a yi murna. Wanke allo a ɗora sabon karatu ci gaba ne da yaro yake gani da idonsa, kai wa wasu surori yana da sadakarsa, sauka kuma tana da zayyana da walima. Ajin boko ma yana iya sa irin waɗannan matakai: ranar da yaro ya karanta shafi guda shi kaɗai, ko ya haddace jadawalin sau, a sanar, a tafa masa. Kyautar ƙarshen zango kada ta tsaya a na ɗaya da na biyu da na uku. A ware wa wanda ya fi kowa matsawa gaba, ko da daga na 60 ya dawo na 40.

Abubuwan kiyayewa

Kada a yabi wani don a muzanta wani. "Dubi ƙanenka ya fi ka" tana haifar da gaba a tsakanin yara, ba ta haifar da karatu. A gwada yaro da jiyansa.

Kada a taɓa iyaye, ko sana'ar gida, ko ƙauye, ko wata nakasa. Laƙabin da malami ya raɗa wa yaro cikin fushi, 'yan aji za su ɗauka su bi shi da shi har girma.

Kada a yi alkawarin da ba a da iko a kansa. Ba kowa ne zai zama likita ba, kuma yara suna ganin masu digiri a unguwa ba aiki. Gaskiyar da za a iya faɗa ita ce: mai karatu yana karanta takardar magani da ta fili da kansa, yana lissafin cinikinsa, ba a cutarsa cikin sauƙi, ko tela ya zama ko manomi.

Namiji mai koyar da 'yan mata ya tsayar da yabonsa a kan aiki, a fili, ban da sura ko ado, ban da keɓewa.

Iyaye da shugabannin makaranta

A al'adarmu in malami ya aika a kira uba, kowa ya san laifi aka yi. Ana iya sauya wannan. Saƙo ɗaya ta waya, ko magana a ƙofar masallaci, cewa "Alhaji, yaron nan ya fara karatu da kansa, a ƙara masa ƙarfi," yana iya sa uban da ke shirin cire ɗansa ya dakata. Iyaye su ma su riƙa tambayar abin da aka koya yau, kada su tsaya a "na nawa ka zo?"

Malamin da ba ya jin kalma mai daɗi daga sama da wuya ya sauke ta ƙasa. Hedimasta da jami'an duba makarantu su riƙa ambaton abin da suka gani mai kyau kafin su buɗe littafin laifi. Tun 1994 ake bikin Ranar Malamai ta Duniya kowace 5 ga Oktoba, amma jawabin rana ɗaya ba ya maye gurbin albashi a kan lokaci da ƙarin girma in ya cancanta. Hukuma ta sauke nata nauyin. Kafin nan, malami ya buɗe rajistarsa gobe da safe, ya fara da yara biyar ɗin da ya fi daɗewa bai kira sunansu ba. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya sa albarka a bakinsu.